Wa Ya Biya Kuɗin Gaskiya Ta Fi Kwabo?

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, zan taɓo tarihin jaridar da iyayenmu suka tashi da ita, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo. Abin da nake so mu duba shi ne, wa yake biyan kuɗin takarda da tawada? Don kwabon da mai karatu ke miƙawa ba shi kaɗai ne ya riƙe jaridar ba.

A watan Janairu na 1939 ta fara fitowa a Zariya, Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ne jagora, Malam Abubakar Imam kuma edita. A lokacin yaƙin duniya na biyu ya ƙarato, jita-jita ta cika gari wai Turawan Ingila za su miƙa ƙasar nan ga Jamus. Ga kuma jaridun Legas, irin su West African Pilot da Azikiwe ya kafa a 1937, suna ta caccakar mulkin mallaka. Sai gwamnati ta ga tana bukatar bakin da zai yi wa talakan Arewa magana da harshensa. To ka ji dalilin da ya sa ta buɗe bakin aljihunta.

Amma fa kada a ɗauka Imam ɗan amshin Shata ne. Ya ba wasiƙun masu karatu fili, mutane suka riƙa rubuto koke-kokensu, har da kan yadda En'e ke tafiyar da mulki. Sai dai ya san iyakar igiyar da aka ɗaure jaridar da ita. A 1943 ya je Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma, da Azikiwe ya kawo takardar neman mulkin kai, Imam bai sa hannu ba. Wasu sun ce tsoro ne, ni a ganina lissafin Arewa ya yi, don ya san bambancin ilmin boko tsakaninmu da Kudu a wannan zamanin.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, sannan hukumar NORLA ta biyo baya tana buga littattafan yaƙi da jahilci. Da aka rufe ta a 1959, harkar littattafan Hausa ta yi sanyi. Kamfanin NNPC ya zo a 1966, shi kuma ya fi karkata ga littattafan makarantu, don can kuɗi suke. Ita kuwa jaridar ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, wanda gwamnatin soja ta Murtala ta karɓe a 1975. Daga baya da tallafin gwamnati ya ja baya, ita ma ta yi shiru.

Mu marubutan da ake wa laƙabi da na adabin kasuwar Kano mun taso ne a wannan giɓin. Bayan shirin SAP na 1986 naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka daina kallon ƙagaggen labari. Sai marubuci ya tara kuɗinsa ya kai wa mai injin ɗab'i, ya ɗauko ya kai wa dillalan littattafai a kasuwa, galibi bashi. Wurin da Bature ya tashi, dillali ne ya zauna. Shi zai ce maka labarin kishiya ake saye, shi ne kuma zai ce ka yanka littafin gida uku, na ɗaya da na biyu da na uku, don kuɗin kowane ɗaya ya zo daidai da aljihun 'yar makaranta da matar aure.