Yadda allurar tiyata ta shiga maganin damuwa

Tun kafin watan Maris na 2019 da Amurka ta amince da Spravato, feshin hanci da aka tsamo daga ketamin, masana ke ta ja-in-ja kan abin da ke sa shi ɗauke tsananin damuwa cikin sa'o'i, alhali ƙwayoyin da aka saba sai an yi makonni ana sha. Ma'aikacin tiyata a karkarar Zamfara kuwa ya daɗe da sanin 'yar kwalbar ketamin. Da ita ake sa majiyyaci barci ko an ɗauke wuta, tunda ba ta cika danne numfashi ba.

Calvin Stevens ne ya haɗa ta a 1962, aka gwada ta a kan fursunonin Michigan a 1964, sannan sojojin Amurka suka tafi da ita Biyetnam. Ba wanda ya yi zancen damuwa a lokacin. Sai a 1990 masu bincike Trullas da Skolnick suka nuna a kan ɓeraye cewa toshe kafar NMDA, inda sinadarin gulutamet ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, yana aiki kamar maganin damuwa. A 2000 likitocin Jami'ar Yale suka ɗaura wa mutum bakwai kacal ketamin ta jijiya, aka ga sauƙi kafin kwana uku. Carlos Zarate ya sake tabbatar da hakan a 2006.

Masu musun cewa toshe kafar NMDA ce ke kawo sauƙin suna da abin faɗa. Ƙwayar memantine ma tana toshe kafar, amma ba ta taɓuka komai ba, lanicemine ta kamfanin AstraZeneca, ita ma mai toshe kafar, ta faɗi a gwaji, kuma a 2018 masu bincike a Stanford suka ce ta hanyar da dangin tiramol ke bi ne ketamin ke aiki. Ni dai ban sauka daga kan gulutamet ba. Gwajin Stanford na mutane ƙalilan ne, kuma tun 2010 Ronald Duman ya nuna toshewar na haddasa tsirowar sabbin mahaɗan jijiya.

Sauƙin dai ba ya jimawa, mako ɗaya ko biyu, ga haɗarin maye. Wannan mayen ne hujjar ƙasar Sin a 2015 da ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙuntata ketamin. Likitocin ƙasashe matalauta suka ce atafau, ta janye. Da ta yi nasara, da mai naƙuda da aka garzayo da ita daga Sakajiki zuwa Ƙaura Namoda ce za ta fara ji a jikinta.