Kanibal: bikin da ake yi kafin azumin Kirista, da yadda ya sauya lokaci a Ghana

Kanibal biki ne na ci da sha da kiɗa da shigar dodanni da mabiya ɗarikar Katolika suka saba yi a 'yan kwanakin da suka gabaci azuminsu na kwana 40, wanda masu Turanci ke kira Lent, masu Faransanci kuma Carême. A unguwannin zango na Accra, irin su Nima da Maamobi, sunan ya zama na kowane taron kiɗa da aka tare titi dominsa, har da na ranar Sallah. Asalin kalmar dai ya ɗauru ne da azumi. Daga Italiyanci ta fito, kuma mafi yawan masana harshe na mayar da ita ga wani furuci na Latin mai nufin ɗauke nama daga abinci.

Ranar bikin ba ta tsaya wuri ɗaya, domin tana bin Ista, ita kuma Ista tana bin wata: ana yin ta ne a Lahadin farko bayan cikar wata na ƙarshen Maris ko na Afrilu. Daga Ista sai a ƙirgo kwana 46 baya, a nan ake samun Larabar Toka, ranar da azumi ke farawa. Kwana shidan da suka hau kan 40 ranakun Lahadi ne, ba a azumtarsu. Saboda haka Larabar Toka ba ta zuwa kafin 4 ga Fabrairu, ba ta kuma wuce 10 ga Maris. Da safiyar ranar, mai wucewa ta gaban cocin St. Kizito da ke Nima zai ga mutane na fitowa da ɗigon toka a goshi. Tokar ta ganyen dabino ko na kwakwar manja ce da aka yi amfani da shi a ibadar bara, aka ƙone. A 2026 azumin Kirista da na Ramadan sun fara a mako guda.

Talatar da ta gabaci wannan Laraba ita ce ƙarshen biki. Faransawa na ce mata Mardi Gras, wato Talata mai kitse, kuma sunan ya faɗi dalilin bikin gaba ɗaya. A Turai ta da, coci ta hana nama da ƙwai da madara da man shanu tsawon azumi, ga shi babu firji. Duk abin da ya rage a gida dole a cinye shi kafin Laraba, in ba haka ba ya lalace. A Ingila ƙwai da madarar ake kwaɓawa da fulawa a soya, kuma daga sunan wannan soye-soye ne Hausa ta samu kalmar fanke. Yau dokar ta yi sauƙi ƙwarai: Katolika na rage abinci a Larabar Toka da Juma'ar da ta gabaci Ista, suna barin nama duk Juma'a, ruwa kuwa ba a hana shi ba.

Ana yawan cewa Kanibal gadon bikin Saturnalia ne na tsohuwar Rum, inda iyayen gida kan yi wa bayinsu hidima na 'yan kwanaki. Kamar tana nan, amma Saturnalia a Disamba ake yinsa, kuma ɗaruruwan shekaru ne tsakaninsa da Kanibal na farko da aka rubuta labarinsa. Abin da ke da hujja ya fi kusa da mu: an ambaci bikin birnin Nice a 1294, majalisar Venis kuma ta mai da ranar hutu a 1296. Rufe fuska shi ne zuciyar al'amarin, domin talaka na iya yi wa basarake ba'a a kasuwa ba a gane shi ba. Masu mulki ba su taɓa sakin jiki da wannan ba. Bikin Venis ya mutu bayan faɗuwar birnin a 1797, sai a 1979 aka farfaɗo da shi.

Turawan Fotugal sun kai shi Brazil a matsayin wasan watsa wa juna ruwa da gari. Bayin da aka kwaso daga Afirka da jikokinsu ne suka sa masa ganguna. A Rio, gasar ƙungiyoyin samba ta soma a 1932, aka gina mata fili na musamman a 1984.

A nan ne labarin ya taɓa Hausawa. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, an sayar da Hausawa da yawa zuwa jihar Bahia, kuma su ne suka shirya tawayen 1807 a birnin Salvador. A daren 24 ga Janairun 1835, cikin kwanakin ƙarshe na Ramadan, bayi Musulmi da 'yantattu, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka sake tashi. An murƙushe su, aka kori da dama zuwa Afirka. Tun 1979 akwai ƙungiyar Kanibal a Salvador mai suna Malê Debalê da ke fitowa da sunan waɗannan Musulmi.

Wani rukuni na masu dawowa ya sauka Accra a 1836, sarkin unguwar Otublohum ya ba su masauki. 'Yan ƙabilar Ga suka laƙaba musu suna Tabom, daga yadda suke amsa gaisuwa da harshen Fotugal. Da yawansu Musulmi ne, kuma har yau ana jin sunaye irin su Aruna a zuriyarsu. Gidansu na Brazil House na nan a Jamestown, shugaban Brazil Lula ya gana da su a 2005, kuma zakaran dambe Azumah Nelson jininsu ne. Tabom sun fi shahara da ɗinki da haƙa rijiya. 'Yan uwansu da suka sauka gabas su ne suka riƙe wasan dodanni: a Legas ana kiransa Fanti, ana fitowa da shi a unguwannin Campos da Lafiaji lokacin Kirsimeti da Ista, a Porto-Novo da Ouidah kuma bourian ake ce masa.

Abin lura shi ne, a yawancin gaɓar tekun bikin ya rabu da azumi. A Ghana wasan da ake kira kaakaamotobi yana fitowa ne a ƙarshen shekara. A Winneba ranar 1 ga Janairu ƙungiyoyi ke gasa da badujala da tufafi masu walƙiya, wasu a kan dogayen sanduna da aka ɗaure musu a ƙafa, al'adar da ta kafu tun shekarun 1920. A Takoradi ƙungiyoyin Ankos na cika titi a kwanakin Kirsimeti. Kanibal na Kalaba ma a Disamba yake, kuma gwamnatin jihar Kuros Riba ce ta ƙirƙiro shi a 2004 don jawo baƙi. Wanda ke son ganin bikin a ainihin lokacinsa a Afirka ta Yamma sai ya nufi Bissau ko Mindelo ta Cape Verde, inda mulkin Fotugal ya daɗe.

Na Nima da Maamobi kuwa a bayan azumi yake zuwa: samari da 'yan mata cikin anko, dawaki, manyan lasifikoki a bakin babban titi. Murnar an gama ce, ba ta bankwana da nama ba. Idan ana neman abin da ya fi kama da Kanibal a al'adar Hausa, tashe ne, wanda ke farawa bayan azumi ya kwana goma. Yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, namiji ya ɗaura zane, a Kano kuma Nalako ya bi gwauraye gida-gida. Lasisin ba'a ɗaya ne, sai dai tashe a tsakiyar azumi yake, da dare bayan an sha ruwa. Fatake Hausawa sun kai irinsa Wagadugu a ƙarni na 19, inda yara ke sa fuskokin dabbobi da aka yi da ƙwarya a dararen Ramadan, kuma sunansa a can har yanzu dodo.