Cinikin biri a sama: darasi daga Maâzou da Ahmed Musa

A hutun ƙarshen shekara da ya wuce wani maƙwabcina ya sallamo mini da la'asar, riƙe da takarda a ninke. Tsohon ma'aikacin kamfanin Cominak ne. Tun da aka rufe mahaƙar Akuta a ƙarshen watan Maris na 2021 ya kwaso iyalinsa daga Akokan ya dawo nan Cirozerin. Ɗansa ɗalibina ne, shekararsa 16, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallonmu ya san yaron yana da gudu da ƙafar hagu. Wani mutum ne ya gan shi a wasa biyu, ya ce zai kai shi gwaji ƙasar waje, a kawo kuɗin hanya da na takardu.

"Malam, kai da ka san boko, duba mini. Yaron nan ya kai a saye shi?"

Na ce masa, "Yaya, zauna tukuna. Bari in ba ka labarin mutum biyu da ƙungiya ɗaya ta saya." Labarin ne nake so in maimaita a nan, don na san ba gidansa kaɗai irin wannan takarda take shiga ba.

Na farko namu ne, Moussa Maâzou, haifaffen Yamai a 1988. Daga ƙungiyar sojoji ta ASFAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a farkon 2008. Kakar da ta biyo baya ƙafarsa ta buɗe, ya zura ƙwallaye fiye da goma kafin a gama kakar. Ai kuwa sai idon manya ya dawo kansa. A farkon 2009 CSKA ta birnin Mosko ta saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya kusa Yuro miliyan biyar, wato sama da biliyan 3 na sefa. Na tuna yadda muka yi ta lissafa kuɗin a majalisar shayi, kowa yana faɗin gidaje nawa za su gina a Agadas.

To me CSKA ta gani? Ta ga saurayi dogo mai gudu da ya ci ƙwallaye cikin ƴan watanni a gasar da ba ta kai tata zafi ba. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne halin da gidan nata yake ciki. Kocin da Maâzou ya tarar shi ne Zico ɗan Brazil. A watan Satumba aka sallame shi, aka kawo Juande Ramos ɗan Sifaniya, wanda bai cika wata biyu ba shi ma ya kama gabansa, sannan Leonid Slutsky ya karɓa a ƙarshen Oktoba. Koci uku a shekara ɗaya, ga baƙon harshe, ga sanyin Rasha, a kan yaron da bai daɗe da barin Yamai ba. Ƙwallayen suka ƙafe. A Janairun 2010 aka ba da aronsa ga Monaco.

Abin da ya faru a Monaco shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mutumin da aka ce ya gaza a Mosko, yana sauka inda ake jin Faransanci sai ya dawo da cin ƙwallo, har shi ya ci wadda ta fitar da Lens ta kai Monaco wasan ƙarshe na kofin Faransa a 2010. A watan Oktoba na shekarar kuma shi ya ci Masar, mai riƙe da kofin Afirka, a filin Seyni Kountché, nasarar da ta buɗe wa Mena hanyar zuwa gasar 2012 a karon farko a tarihi. Ƙafar dai ita ce, wurin ne ya sauya. Sai dai daga nan rayuwarsa ta zama ta yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya: Bordeaux, raunin gwiwa, Beljiyam, Tunisiya, Fotugal, Sin. Ya ci abinci da ƙwallo, wannan ba a musu, amma bai sake samun gidan da ya zauna ya yi jijiya ba.

Na biyu shi ne Ahmed Musa na Najeriya. Ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Amma bai taka mata leda nan take ba. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu ƴan dalilai ƙalilan, don haka sai da aka jira ranar 14 ga Oktoba 2010. Iyaye, ku riƙe wannan kwanan watan, za mu dawo kansa.

Bayan ya yi sama da shekara a Holan, a Janairun 2012, CSKA ɗin nan dai ta saye shi. Sanyin nan ne, harshen nan ne. Bambancin shi ne Slutsky, wanda ya zo a ƙarshen rikicin 2009, yana nan daram, kuma bai tashi ba har Musa ya bar ƙungiyar. Shekara huɗu da rabi a hannun malami ɗaya da ya san abin da yake so da shi. Suka ɗauki kofin gasar Rasha a 2013, 2014 da 2016.

Wani zai ce ai Musa ya fi Maâzou iyawa ne kawai. Mai yiwuwa. Amma a dubi abin da ya same shi a Ingila. A Yulin 2016 Leicester, sabuwar zakara, ta biya fam miliyan 16 da ɗoriya a kansa. Ya ci Barcelona biyu a wasan sada zumunci, magoya baya suka ce an tsinci dami a kala. Sai ga shi wurin da ya fi iya bugawa Jamie Vardy ya riga ya zauna a kai. A Fabrairun 2017 aka kori Claudio Ranieri da ya kawo shi, Craig Shakespeare ya hau, a Oktoba shi ma aka sauke shi, Claude Puel ya zo. Koci uku kuma. Ƙwallo biyu kacal Musa ya ci a gasar Firimiya, a Janairun 2018 aka mayar da shi Mosko aro. Wata biyar bayan haka ya zura wa Iceland biyu a gasar kofin duniya.

Mu malamai bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Sau nawa muka ga yaro mai ƙoƙari ya lalace don an sauya masa malamin lissafi sau uku a shekara? Kuma wane malami mai hankali ne zai yanke hukunci a kan ɗalibi daga jarrabawa biyu? Ƙungiyoyin da ke da likitoci da masu leƙen ƴan wasa da faifan bidiyo sun zuba biliyoyi sun yi kuskure. Mutumin da ya tsaya bakin fili a Cirozerin ya kalli wasa biyu, bai fi su ido ba. Ni zargina ma ba yaron ya auna ba, aljihun uban ya auna, don kowa a yankin nan ya san an sallami ma'aikatan Cominak da ƴan kuɗaɗe.

Da na kai nan sai maƙwabcina ya buɗe takardar muka karanta tare. Babu sunan ƙungiyar da za ta yi gwajin, babu sunan koci, babu maganar makaranta ko ta wanda zai biya magani in yaro ya karye. Na tuna masa ranar 14 ga Oktoba: in ƙungiyar Holan da ta riga ta ƙulla ciniki ta jira Musa ya cika 18, wace ƙungiya ce ta gaskiya za ta karɓi ɗan 16 daga Nijar? Na kuma gaya masa abin da iyaye da yawa ba su sani ba, cewa a tsarin FIFA mai saye ne ke biya, har ƙungiyoyin da suka reni yaro tun yana 12 suna da kaso idan ya zama ƙwararre, muddin an yi masa rajista a hukumar ƙwallo.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, in hana shi ƙwallon kenan?"

Na ce a'a. Arlit na nan kusa, kuma garin ya san ƙwallo tun zamanin da ƙungiyoyin Akokana da Urana suka fara buga gasar ƙasa. A nema masa ƙungiya mai rajista da koci ɗaya da zai gan shi kaka biyu cikakku, da zafi da sanyi, ranar da ya ci da ranar da aka ajiye shi a benci. Kafin nan ya gama jarrabawarsa.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai kira mutumin ya tambaye shi sunan ƙungiyar da sunan kocin. Ya kira a gabana. Mutumin ya ce yana kan hanya, zai kira da dare. An koma makaranta a Oktoba, yaron yana aji, kiran bai zo ba har yau.