Motar zango

motar zango *suna, mace. Jam'i:* motocin zango. Mota ce da aka tsara cikinta kamar ɗaki, da gado da murhun gas da tankin ruwa, wani lokaci har da banɗaki, domin matafiyi ya kwana a duk inda dare ya riske shi. An fi amfani da ita a Amurka da Turai da Ostireliya, inda ake da filayen da aka tanada don yada zango, masu lantarki da wurin zubar da ruwan datti.

A Amurka an kasa ta aji uku. Ajin A girman babbar bas gare ta, tana ɗaukar iyali duka, amma tana shan mai sosai, kuma ba kowace ƙaramar hanya take shiga ba. Ajin C tana da makwanci a saman kan direba. Ajin B ƙaramar bas ce da aka gyara, irin ta Volkswagen da kamfanin Westfalia ya fara gyarawa a Jamus a 1951. Ga mutum biyu masu doguwar tafiya, ita ce ta fi dacewa, don ta fi sauƙin fakawa.

Nauyi shi ne abin da sabon shiga ke mantawa. A ƙasashen Tarayyar Turai lasisin tuƙi na gama-gari kilo 3,500 ne iyakarsa, kuma ruwa da kaya da fasinjoji duk suna cikin lissafin.

*Misali:* Sun yi hayar motar zango sun zaga Faransa.