Cin Ruwa da Ciwon Daji: Tarihin Jinyar Ƙafa a Ƙasar Gaya

Tun zamanin da daular Songhai ta karye a yaƙin Tondibi cikin shekarar 1591, har ragowar zuriyar Askiya suka gangaro kudu suka kafa mulkinsu a ƙasar Dendi, mutanen Gaya da ke cikin wannan ƙasa ba su rabu da ruwa ba, domin kuwa arzikinsu a bakin kogin Kwara Allah Ya ajiye shi. Sarkawa suna su, manoma suna dashen shinkafa da rake a fadama, masu dafa gishiri suna aiki a kwarin Foga, fatake kuma suna ƙetarawa zuwa Malanbil ta ƙasar Benin ko su nufi Kamba ta Nijeriya, a da kuwa galibinsu ba takalmi.

Al'ummar da ƙafarta ke wuni cikin laka, lalle ne ta san cututtukan ƙafa, kuma haƙiƙa ta san su. Akwai cin ruwa mai farfasa tsakanin yatsu da ƙaiƙayi, akwai kaushi da faso na lokacin hunturu, akwai gyambo mai daɗewa. Kowanne magabata sun tanadar masa magani: lalle da garin bagaruwa domin busar da cin ruwa, man kaɗanya domin faso, idan kuma abu ya kumbura a kai wa wanzami ya yi sakiya. Wannan ilmi ya yi wa jama'a hidima ƙarnoni da dama, ba kuwa adalci ba ne a raina shi.

Sai dai a nan ne wata illa ta ɓuya, saboda akwai nau'in ciwon daji na fata wanda likitoci ke kira melanoma, wanda a jikin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, yana farawa da baƙin tabo marar zafi wanda ido ke ɗauka cin ruwa ne ko taruwar jini, alhali kuwa yana faɗi a hankali har ya kai ga kaluluwar matsematsi. Shi ne ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, bayan an fara ɗaukar tabon yatsansa a matsayin raunin ƙwallo. Haka nan tsohon gyambo ko tabon ƙuna, idan ya shekara da shekaru bai warke ba, yana iya rikiɗa ya zama daji.

A da, wanda wannan larura ta sama ba shi da mafita illa haƙuri, amma yau akwai asibiti a Gaya da Dosso, akwai kuma Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a Yamai, ga shi kuma ciwon da aka yanke da wuri sau da yawa yakan warke sarai. Malamai sun tabbatar cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Saboda haka, ya kai mai karatu, duk tabon ƙafa da ya canja launi, ko ya yi jini, ko ya ƙi jin maganin cin ruwa bayan 'yan makonni, kada a rufe shi da lalle. Wajibi ne a kai shi gaban likita.