Tarihin Raunin Bututun Ƙoda a Tiyatar Mata

Bututun ƙoda, wanda likitoci ke kira yureta, shi ne siririyar hanyar da ke saukar da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. A jikin mace yakan ratsa ta ƙarƙashin jijiyar da ke kai wa mahaifa jini, kimanin santimita 2 daga bakin mahaifa, don haka likitan da ke ɗaure wannan jijiya yayin cire mahaifa kan iya haɗawa da bututun ko ya yanke shi bai sani ba, bayan kwanaki sai fitsari ya soma zuba ta gaban matar, ko ƙodar ta kumbura ta lalace.

Da fari ba a san dabarar gyara wannan rauni ba. A shekarar 1869, a birnin Heidelberg na Jamus, Gustav Simon ya yi ta ƙoƙarin tsayar da yoyon fitsarin wata mata da aka ji wa bututu rauni a wata tiyata, da abin ya faskara sai ya cire lafiyayyar ƙodar wannan ɓangaren, matar kuma ta rayu. Wannan ne karo na farko da aka shirya cire ƙodar mutum aka kuma yi nasara.

Matsalar ta ƙaru bayan 1898, lokacin da Ernst Wertheim na Biyana ya fara babbar tiyatar sankarar bakin mahaifa, wadda ke buƙatar a raba bututun da naman da ke kewaye da shi. A asibitin Johns Hopkins na Amurka, John Sampson ya nuna a 1904 cewa bututun da aka tsige wa ƙananan jijiyoyin jininsa kan mutu ya huje, ko da wuƙa ba ta taɓa shi ba. Ta fuskar gyara kuwa, Achille Boari na Italiya ya gwada cike giɓin bututun da fatar mafitsara a 1894, sannan a 1978 Roy Finney ya fito da siririyar roba mai lanƙwasa biyu da ake zurawa cikin bututun har raunin ya warke.

Har yau cibiyoyin yoyon fitsari, irin su Babbar Ruga a Katsina, suna karɓar matan da suka samu wannan rauni a tiyatar haihuwa. Darasin wannan tarihi shi ne, wajibi ne likita ya nemo bututun ya gan shi kafin ya ɗaure ko ya yanka, domin raunin da aka gano tun ana cikin tiyata ya fi saurin warkewa, kuma shi ne ke tsirar da ƙodar mace.