Daga Isnadi Zuwa Manazarta: Tarihin Ambaton Madogara a Nazarin Hausa

1.0 Gabatarwa

Kusan kowace mujallar ilimi a ƙasar nan tana gindaya wa marubuta sharaɗin tsara manazarta bisa ƙa'ida guda, wato a fara da sunan ƙarshe na marubuci, sai shekarar bugu, sai sunan littafi da maɗaba'a. Wannan maƙala za ta bi tarihin ambaton madogara a ƙasar Hausa, domin ta nuna cewa al'adar ta girmi boko, kuma tsarin da muka aro yana zubar da wani abu da magabata suka ɗauka da muhimmanci, wato sunan wanda aka ji magana daga bakinsa.

2.0 Tsarin Malaman Zaure

Tun kafin zuwan Turawa, malaman ƙasar Hausa suna da hanyoyi uku na tabbatar da tushen magana. Ta farko ita ce isnadi, inda ɗalibi ke jera malaman da karatu ya biyo ta hannunsu har zuwa mawallafin littafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tattara silsilolinsa a cikin Asanid al-Faƙir, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Ida' al-Nusukh a 1812, inda ya lissafta malamansa da littattafan da ya karanta wajen kowannensu.

Hanya ta biyu ita ce ta ciro magana. Malami kan ambaci sunan mawallafi da littafinsa, ya kawo maganar, sa'an nan ya rufe da kalmar intaha domin mai karatu ya san inda aro ya ƙare. Ba a ba da lambar shafi, domin littafin hannu ne, kuma kowane kwafi da nasa shafukan. Babi da fasali ake ambata, waɗanda ba sa canzawa daga kwafi zuwa kwafi.

Ta uku ita ce ta ƙarshen rubutu. Mawaƙan ajami sukan sa sunansu a baitocin ƙarshe, su kuma ɓoye shekarar Hijira cikin ramzi, wato kalmar da jimillar lissafin haruffanta ke ba da shekarar. Mai kwafi shi ma yakan sa nasa sunan. Ashe ke nan suna da shekara da tushe duk suna nan, sai dai ginshiƙin tsarin mutum ne, ba takarda ba.

3.0 Zuwan Ɗab'i

Da aka fara buga Hausa da boko, sai sunan da ke bangon littafi ya zama shi ne madogara. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, amma babban kaso na labaran daga bakin Dorugu suka fito, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Sai a 1971 Kirk-Greene da Newman suka fitar da tarihin rayuwarsa a matsayin nasa. Haka kuma Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai Hausawa ne suka rubuta shi da ajami, amma a manazarta sunan Frank Edgar kaɗai ake gani. Baba of Karo na 1954 kuwa maganar Baba ce, wadda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. A jerin manazarta sai a nemi Baba a ƙarƙashin Smith.

Ba a cewa waɗannan masu tattarawa sun yi sata, domin ba don su ba da yawancin abin ya salwanta. Abin lura shi ne tsarin yana da gurbi ɗaya ne tak na mawallafi, kuma wanda ya kai rubutu maɗaba'a shi ke shiga gurbin.

4.0 Tsarin Suna da Shekara

Wannan tsari da jami'o'inmu suka runguma ya samo asali ne daga Amurka. Ana danganta shi da Edward Mark, masanin halittun dabbobi a Jami'ar Harvard, wanda ya yi amfani da shi a 1881. Ƙa'idojin da ake kira APA sun fara ne da gajeriyar maƙala a 1929, masana halayyar ɗan Adam na cikin waɗanda suka tsara ta. An gina shi ne don fannonin da sabon bincike ke shafe tsoho, shi ya sa shekara ke biye da suna. Da aka ɗora shi a kan nazarin Hausa, sai matsaloli uku suka bayyana.

Ta farko ita ce ta suna. Bahaushe ba shi da sunan dangi irin na Turai. Sunansa na biyu kan zama na mahaifi, ko na gari, ko laƙabi. Idan aka rubuta Haɗeja, M. ko Kano, A. an mayar da gari mawallafi, ga shi kuma Shata laƙabi ne. Shehu Usmanu kan bayyana a matsayin Fodio, ko Fodiyo, ko Ɗanfodiyo, ko Ibn Fudi, har mai bincike ya zaci mutane huɗu ne.

Ta biyu ita ce ta shekara. Ruwan Bagaja ya fito ne daga gasar 1933 ta Hukumar Talifi a Zariya, amma kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya yi ta sake buga shi. Ɗalibin da ya rubuta shekarar kwafin da ke hannunsa kaɗai yakan sa littafin ya zama ƙanen littattafan da ya haifa.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce ta baka. A ƙa'idar APA, hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba a cikin matani kawai ake ambatonta, ba ta shiga manazarta. Ɗalibin da ke binciken tarihin Jere ko na masarautar Jama'a a Kafanchan zai sami abin dogaro a Government in Zazzau na M. G. Smith, na 1960, amma mafi yawan bayaninsa daga dattawa da makaɗan fada zai fito. Idan ya bi ƙa'idar sau da ƙafa, littafin da ya ɗauki sakin layi biyu daga cikinsa zai shiga jeri, dattijon da ya ba shi babi guda ba zai shiga ba. Bugu na bakwai na ƙa'idar, na 2019, ya fara yin tanadi ga ilimin baka na al'ummomin gargajiya, abin da ke nuna masu tsarin ma sun ga giɓin.

5.0 Kammalawa

Ba a kira ga watsi da tsarin suna da shekara, domin da shi muke magana da manazarta na duniya. Abin da ya kamata shi ne mujallunmu su haɗu a kan ƙa'ida guda mai gyara huɗu. A rubuta sunan Bahaushe cikakke yadda aka san shi, ba tare da juyawa ba idan na biyun gari ne ko laƙabi. A ba da shekarar bugun farko tare da ta kwafin da aka duba. A ambaci rubutun ajami da wurin da yake ajiye da mai kwafi da shekarar Hijira. A kuma keɓe wa waɗanda aka yi hira da su sashe a cikin manazarta, da suna da gari da rana, in sun yarda. Wanda ya yi haka bai ƙirƙiro sabon abu ba, ya komo ne ga abin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi a 1812, wato faɗin wanda aka karɓa daga gare shi.